Ruwan Dada

Bolari, Gombe
Farkon watan Agusta

Zuwa ga 'yata Lubna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ya aiki, ya damina a wajenku? Mu nan alhamdu lillahi. Innarki Hajiya Saudatu tana gaishe ki. Ƙafar tata ta yi sauƙi, sukarin ne dai yake hawa yana sauka. Ni kuwa ban da kunne ba abin da ke damuna. Shekarun da na yi a bakin injin niƙa kafin in buɗe gidan bulo sun cinye min ji, shi ya sa ba na ɗaukar waya. Mutum yana can yana ihu, ni ina nan ina cewa na'am. Takarda ta fi min. Ɗan'azumi direba mai bin hanyar Kano zai ajiye miki wannan a ofishinku na Dutse.

Na san ba mu saba rubuta wa juna ba. Amma kakanki Malam Jalo da mahaifina ciki ɗaya suka fito, kuma ranar sunanki ni na riƙe wa mahauci rago. Saboda haka ba na jin nauyin kawo miki magana.

Cutar amai da gudawa ta shigo gari tun da ruwan nan mai ƙarfi ya sauka. Akwai wani ɗan Kaltungo, Nehemiah, ma'aikacin motar asibiti. Ba shi ke tuƙi ba, shi ne na baya, mai saka wa mutum ƙarin ruwa tun kafin a isa asibiti. A unguwa Mai Jiniya ake ce masa. Aikinsa ya ɗauki marar lafiya ya wuce, to shi ba haka yake yi ba. Sai ya leƙa randa, ya leƙa banɗaki, ya tambayi matan gida ina suke ɗiban ruwa. Duk abin da ya ji kuma ya kai wa wani Bamanga, mai irin aikinki na bin sawun cuta.

Shekaranjiya Bamangan nan ya zo min har zaure da taswira cike da jan ɗigo, kowane ɗigo gidan da cutar ta shiga, wai yana so ya ɗibi Ruwan Dada ya kai gwaji.

Ko kin manta, Ruwan Dada shi ne bohol ɗin da na haƙa sadaka ga mahaifiyata. Kin san Gombe da wahalar ruwa. Dada ta rasu wuyanta a karkace saboda ɗaukar tulu, ni kuwa a lokacin ko keke ba ni da shi. Da Allah ya buɗa min, masu haƙa suka zo suka gaza, na kawo wasu, sai da na ga ruwa. Famfo biyu ne a bakin titi, kowa ya ɗiba, ban taɓa sayar da ko moɗa ɗaya ba. Kuma duk gidan da aka yi rasuwa a yankin nan, kafin a dawo daga maƙabarta kurar ruwana ta isa ƙofar, jarkoki cike, har a tashi daga zaman makoki. Ba mai roƙona, ni nake aikawa. Innarki har wasa take yi, wai in ta riga ni rasuwa, da Ruwan Dada za a wanke ta, in ba haka ba ba ta yafe ba.

Wannan ruwan ne za a zo gwadawa a gaban mutane.

Na ce masa, "Kai ɗan wane ne?" Ya faɗa min. Na ce, "Ubanka ya sha ruwan nan."

Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ni ma na sha, Alhaji. Shi ya sa nake so in tabbatar."

Na ce ya buɗe takardar tasa. Ni karatuna a sakandare ya tsaya, amma ina da ido. Jan ɗigon nan rabinsa a unguwannin Madaki da Kumbiya-Kumbiya yake. Na ce, "Matan Madaki ne suke tako ƙafa har Bolari da jarka?" Ya ce shi ma abin da ya ɗaure masa kai ke nan. Na ce to ya je ya yi tunani, in ya gama ya dawo.

An faɗa min ke babba ce a wannan aiki. Ki kira shi ki ja masa kunne. In aka ga mutum da kwalba da safar hannu a bakin famfona, gobe garin nan zai ce ruwan Alhaji Shu'aibu ne ke kashe mutane, kuma irin wannan magana in ta kama mutum ba ta sakinsa. Sunan uwata ne a jikin bangon.

Ki gaida maigidanki da yaran.

Bappanki,
Alhaji Shu'aibu Mai Bulo

*

Dutse
Agusta

Bappa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na samu takardarku, na ji daɗin ganin rubutunku ƙwarai. Muna lafiya, sai dai yawancin kwanaki ina ƙauyukan Haɗeja inda ruwa ya ci, nan ma da cutar muke fama. A ce wa Inna Saudatu ta daina tsallake maganin sukari, na san halinta.

Bappa, Ruwan Dada ba baƙo ba ne a wurina. Babana har ya rasu yana ba da labarin abin da kuka yi wa unguwar nan. Amma ba zan kira Bamanga in hana shi ba. Ba a ƙarƙashina yake ba, ko da a ƙarƙashina yake ma ba zan yi ba. Ku yi haƙuri da yadda na faɗe ta kai tsaye.

Na ga kun ɗauki tambayoyin Nehemiah shisshigi ne. Mu masu bin sawun cuta kullum a makare muke isa. Kafin mu je gida an share, an wanke, an manta abin da aka ci. Irin su Nehemiah ne ke shiga ɗaki mutum yana kwance, su ga randar da ya sha, su ji inda ya je jiya. Abin da suka kawo da yamma shi muke ɗorawa a taswira. Mu kuma mu duba mu ce musu gobe ku tsayar da mota kusa da wuri kaza, ku ƙara tambaya kaza. Shi yana ceton wanda ya riga ya faɗi, Bamanga yana neman wanda zai faɗi jibi. In suka daina ba juna labari, sai dai a yi ta ɗauka ana binnewa. Kuma ba naku kaɗai ake gwadawa ba, na tabbata sun ɗibi na motar tanka da na 'yan garuwa da na leda.

Ina roƙonku ku bar su su ɗibi ruwan gidan duka, duk inda ake tara shi. Ku kuma dakatar da kurar makoki har sakamako ya fito, don cutar nan tana son taron makoki, jama'a da yawa, moɗa ɗaya. Idan an gwada duka an samu lafiya, ku ci gaba da sadakarku hankali kwance, ni zan fi kowa farin ciki.

'Yarku,
Lubna

*

Bolari
Tsakiyar Agusta

Lubna,

Salamu alaikum. Ina fata kina lafiya ke da iyali. Mu lafiya lau. Innarki ta ce ki bar ta da maganinta, ita ta san jikinta.

Amsarki ta zo. Ban ji daɗin farkonta ba, ba zan ɓoye miki ba. Na nemi taimakon 'ya, aka yi min lacca. Amma na bi maganarki. Na aika aka kira Bamanga, na tsaya da kaina ya cika kwalabensa a famfo biyun nan, mata suna kallo suna zunɗe. Yanzu sakamako ya fito, ba komai a ciki. Tas. Na sa ya maimaita a bakin masallaci, na ce ai kurma ne ni, ya ɗaga murya. To ke da kanki kika rubuta in an gwada an samu lafiya in ci gaba da sadakata. Na ci gaba. Dama ban tsayar ba, don ba zan iya kallon gidan rasuwa ba ruwa alhali ina da shi ba.

Ba murna nake yi ba. Garin ba daɗi, maƙabarta ta koma kamar kasuwa. Jiniyar motar nan, ni da ba na ji, a ƙirjina nake jin ta. Ran Laraba wani mai keke ya zube a bakin tasha kusa da gidan bulona. Kowa ya ja da baya. Na ga Nehemiah ya sauko ya durƙusa cikin taɓo, ya nemi jijiya a hannun dama ya rasa, ya koma na hagu, ya rataya ledar ruwan a jikin keken. Yana yi yana yi masa magana kamar ƙaninsa. An ce mai keken ya tashi. Aiki kam ya iya, wannan ba zan tauye shi ba. Bakinsa ne matsala.

Ana ɗora mutumin a mota na ce, "Mai Jiniya, an wanke ruwana. Yanzu randar wa za ka leƙa?"

Ya ce, "Baba Alhaji, an sauya min tambaya. Yanzu Bamanga ya ce in riƙa jin ko mutum ya je gaisuwar rasuwa."

Na ce, "Sai ka kwashe Gombe duka. Wa bai je ba?"

Ya ce, "Na Madaki da nake ɗauka, da yawansu Bolari suka zo gaisuwa."

Na ce, "Bolari kowa na zuwa. Har kai da ba a gayyace ka ba."

Ya yi ɗan murmushi ya ja ƙofa suka tafi.

Mahaifiyar Bappayo mai walda, maƙwabcina da muka haɗa katanga ta baya, ta rasu ran Juma'a, ita ma ciwon cikin ne. Mutane sun zo daga ko'ina, don tsohuwar tana da dangi har Kumbiya-Kumbiya. Kura ta yi ta kai da kawowa. Allah ya sa ina da tankin ƙasa, in ba haka ba da wutar nan da ake ɗaukewa da na ji kunya. Ban taɓa ba ki labarinsa ba. Yana ƙuryar gida a gindin mangwaro, da bulona na gina shi, da hannuna na yi masa filasta. In an kawo wuta a cika shi daga bohol. Daga nan ake cika jarkokin makoki, don ya fi sanyi, kuma kada a tare wa mata layi a famfo. Bohol ɗaya, ruwa ɗaya. Wanda ya gina wa ruwa ɗaki irin wannan shi za a koya wa tsabta?

Ki sa garin nan a addu'a.

Bappanki,
Alhaji Shu'aibu

*

Dutse
Ranar da takardarku ta iso

Bappa,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ku da Inna. Ku yafe min gajeriyar gaisuwa, a tasha nake rubutu, Ɗan'azumi yana lodi.

Na ce a gwada ruwan gidan duka. Famfo aka gwada. Ruwan da ya fito daga bohol lafiya yana iya lalacewa a inda aka ajiye shi. Tankin ƙasa, bayan ruwan sama mai ƙarfi, in akwai ramin masai kusa da shi, tsaga siririya kamar gashi ta isa. Ba zai sauya launi ba, ba zai yi wari ba, sanyinsa yana nan. Ku haɗa wannan da abin da Nehemiah ya faɗa muku a tasha. Mutanen Madaki ba sa zuwa famfonku, amma suna zuwa gaisuwa, su sha, su koma gida su kwanta. Su Bamanga sun riga sun gano hanyar makoki ce. Abin da ba su sani ba shi ne inda ake cika jarkokin. Sun ɗauka daga famfo ne, famfo kuma ya fita lafiya.

Ban ce tabbas tankin ne ba. Amma kada jarka ko ɗaya ta ƙara fita daga cikinsa, don Allah, don darajar Dada.

Na yi ta kiran wayarku tana kashe. Na kira Inna na faɗa mata, ta ce ita ba ta isa ta tare kurar Alhaji ba, amma za ta gwada. Na ce ko ba ta tare ba kada ta sha. Sannan na kira Bamanga na faɗa masa akwai tanki. Ina so ku ji wannan daga gare ni kafin ku ji a wani wuri. Na san abin da kuka rubuta min tsakaninmu ne, na san zai yi muku zafi. Na yarda ku yi fushi da ni. In ya zo ku buɗe masa, a duba a cikin gida, a zuba magani, a gyara, ba sai unguwa ta sani ba.

'Yarku,
Lubna

*

Bolari
Ƙarshen Agusta

Lubna,

Salamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Mu muna nan.

Ban samu amsar takardata ba, amma na ga amsar da idona. Bamanga ya zo, ko famfo bai kalla ba, ya ce yana so ya ga gindin mangwaro. Na hana shi shiga. Na ce gidana ba tasha ba ne, akwai iyali a ciki. Ya yi ta roƙo, wai ko ba zan bari ya gani ba in tsayar da kura. Na rufe ƙofata.

A makon ne Bappayo ya bi uwarsa. Mutumin da ya haɗa min murfin tankin nan da hannunsa. Sai in ce ba ruwa a makokinsa? Innarki ta yi min magana, wai a sayi na leda a aika. Na ce in na aika na leda na amsa laifin da ban yi ba ke nan. Kura ta fita. Ita kuma ta ɗauki mayafinta ta tafi wurin mata, can take wuni har aka yi sadakar uku.

Bayan nan su Bamanga suka dawo da mai unguwa. Suka ɗaga murfin suka zura fitila. Bamanga ya nuna min wani layi a bango ta gefen katangar Bappayo, wai tsaga ce, wai ramin masai na gidansu yana bayanta. Na ce filasta ce ta ja, kowane gini yana yi. Suka ɗibi ruwa, suka sa kwaɗo, suka tafi da makulli. Makullin tankina, a cikin gidana. Layin ya cika da mutane, wasu har a kan katanga.

Na tambayi Bamanga wa ya ba shi labarin tanki, ya tattara kwalabensa ya fita. Da na shiga ciki Innarki ta ce kin kira ta kwanaki a kan maganar. To na gane. Na zauna na rubuta wa 'yata abin da ke cikin gidana, ashe ofis na rubuta wa. Ba wanda ya taɓa ba ni komai a duniyar nan, Lubna. Da dakon buhu a ka na fara. Abu ɗaya na roƙa a wurin dangi, a rufa wa sunan uwata asiri, sai ga shi daga dangi aka tona.

Sakamako bai fito ba. In ya fito tas kamar na farko, ba na neman ki ba ni haƙuri. Ki riƙe takardunki kawai.

Shu'aibu

*

Bolari
Satumba

Lubna,

Salamu alaikum. Ya haƙuri. Na san an faɗa miki a waya, amma ina so ki ji yadda aka yi daga wurina. Ni lafiyata ƙalau. Ko ciwon kai ban yi ba.

Takardarki ta biyu ta iso muna zaune a tabarmar makoki. Motar Ɗan'azumi ce ta lalace a Darazo, ya bar ta wurin bakanike da takardar a ciki, ya hau wata. Da ya kawo yana ta ba ni haƙuri, na ce ya bar shi. Da ta zo a kan lokaci ma ban san ko zan ji ba. Abin da ke cikinta Bamanga ya faɗa min a ƙofar gida, Innarki ta faɗa min a ɗaki.

Washegarin da na aika miki waccan maganar, hantsi ya yi ban ga ta fito ba. Na shiga na same ta a ƙasa kusa da bokiti, idonta ya faɗa, fatar hannunta in an ja ba ta komawa. Ashe tun jiya take amai da gudawa tana ɓoyewa. Na ce bari a kira mota. Ta kama rigata, na sunkuya, ta ce kada jiniya ta tsaya a ƙofar gidan nan, mutane za su ce gaskiya ne.

Na fita na sa aka kira Mai Jiniya. Nehemiah ya shigo layin ba jiniya. Ban roƙe shi ba, shi ya sa aka kashe ta tun daga kwana. Ya durƙusa ya nemi jijiya, da ƙyar ya samu. Muna cikin mota yana riƙe da ledar yana matsawa, sai ya yi mata tambayarsa a hankali, kamar yana jin nauyi. Na ga bakinta yana motsi. Na ga ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Baba Alhaji, bari mu isa."

Na ce, "Matata ce. Me ta ce?"

Kin san ba a yi min raɗa. Dole ya sa baki a kunnena ya ɗaga murya, direba yana ji, ita ma tana ji. Ya ce, "Ta ce a gidan Bappayo mata sun ƙi taɓa jarkokin, suna kallonta. Sai ta cika moɗa ta shanye a gabansu, ta ƙara, don kada a ce matar Alhaji ma tana tsoron ruwansa. Da suka ga ta sha, wasu suka sha."

Na dube ta, ta rufe ido. Kin ce mata kada ta sha. Ta sani sarai.

A asibiti sun yi iya yinsu. Sun ce da sukarin da daɗewar da ta yi, ƙodarta ta tsaya. Ta cika ran Litinin bayan azahar. Ba a ba mu ita mu kawo gida ba. Wasu mata ma'aikata masu safar hannu suka yi mata wanka da ruwan magani, suka suturta ta, ina waje ina jin warin kulorin. Ta ce in ba da Ruwan Dada aka wanke ta ba ba ta yafe ba. Da wasa ta faɗa, na sani. Amma ta faɗa.

A makoki na sa aka tafasa ruwan famfo aka zuba a sababbin kuloli, kofi kowa da nasa. Ban taɓa ganin masu azumin nafila da yawa irin na ranar ba, ranar Laraba kuwa. Duk wanda aka miƙa wa sai ya ce yana azumi, har mai unguwa. Liman ya ce ya sha a gida.

Da la'asar Nehemiah ya zo da kayan aikinsa a jiki. Ya zauna a bakin tabarma ya ce Allah ya ji ƙanta, kamar yadda muke faɗa. Ya dubi kulolin ya ce, "An tafasa?" Na ce an tafasa. Ya ce, "To a ba ni, tun safe ban sha ba." Ya shanye a gaban kowa. Abin da matata ta yi ke nan, sai dai shi ya tambaya tukuna. Ban iya kallonsa ba. Bai gama ajiye kofin ba aka kira shi a waya, wani gida na dangin Bappayo a Kumbiya-Kumbiya. Ban tambaye shi ko matar gidan tana cikin waɗanda suka sha bayan Innarki ba. Shi zai tambaya in ya isa, da yamma ya kai wa Bamanga.

Bayan sadakar bakwai sakamakon tanki ya fito. Bamanga bai aiko ba, ya zo da kansa, ya cire takalmi ya zauna, ya yi min ta'aziyya tukuna. Cutar tana ciki. Na ce ya buɗe taswirar ya nuna min waɗanda ruwana ya kayar. Ya ce ba zai iya rabewa ba, akwai wasu wuraren ma a gari da aka samu. Na ce, "To tun da kuka sa kwaɗo fa?" Ya ce kiran da Nehemiah ke samu daga Madaki ya ragu sosai. Ban ƙara tambaya ba.

Ya ce famfon titi lafiyarsa ƙalau, a ci gaba da ɗiba, tankin kuma a kwashe a gyara. Famfon yana nan a buɗe, ba mai zuwa. Mata suna wuce shi da jarkokinsu su tafi sayen na motar tanka, wanda ba a san daga ina aka ɗebo shi ba. Bamanga ya ce wannan yanzu ya fi ba shi tsoro, wai in taya su jawo hankalin mutane su dawo. Da wane baki?

Sunan Dada yana nan a bango. Na sayo fenti in shafe shi, gwangwanin yana zaure ban buɗe ba. Ban san wanne ya fi cin mutuncinta ba, a bar shi ko a shafe.

Takardata ta ƙarshe ki yaga ta. Ban iya faɗin abin da ya wuce haka ba.

An ce kina so ki zo arba'in. Ɗakin Innarki yana nan, an wanke shi da maganinsu. Ki zo in kin samu dama. Ki taho da ruwanki.

Bappanki,
Shu'aibu